Ƙusar Falonmu

Moca, 2 ga Afrilu, 1974

Ƙanwata Ondina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan sanyin New York bai ƙarasa miki gwiwoyin ba. Takardar nan a ɓoye cikin gwangwanin garin kofi za ta iso ki, ta hannun maƙwabciyarmu Doña Fidelina, don masu buɗe wasiƙun mutane a ƙasar nan sun fi ɗalibaina son karatu.

Kin tuna ƙusar falonmu, inda Baba ya rataye allon tagullar nan mai cewa Janar ne mai gidan? Shekara goma sha uku ke nan da harbe Janar, wanda ya mulki ƙasar nan. Kowa ya sauke allonsa, amma ban san wanda ya zare ƙusa ba. Jiya Sajan Nicanor, wanda na koya wa rubutu da ƙyar, ya shigo da jan ƙyallen jam'iyya a bakin bindiga, hoton Shugaba a hammata. Shugaban, tsohon magatakardan Janar, yana neman zango na uku.

Ya ce, "Malam, ƙusarka tana zaman banza."

Na ce, "Ta yi ritaya, Sajan. Ta yi wa ƙasa aiki isasshe."

Ya yi dariya. Sai ya ce takardar shaidar halin 'yata Mireya tana teburinsa. Kin san in babu ita babu fasfo, babu zuwa wurinki. Hoton yana nan kife a kan kujera.

Ki gaida maigidan.
Yayanki, Eleuterio

New York, 15 ga Afrilu

Yaya,

Na same ku lafiya? Mu ƙalau muke. Na karanta takardarka, ban yi dariya ba. Littattafai sun cika maka kai har ka manta garin da kake. Hoton nan takarda ce da tawada kawai, Yaya. Baba ya rataye wanda ya fi wannan, ya kuma mutu a gadonsa. Asibitin da ya ɗauki Mireya aikin jinya ba zai jira ta ya wuce watan Yuni ba. Don Allah ka rataye, ka riƙe bakinka.

Ina sa ku a addu'a.
Ondina

Moca, 30 ga Afrilu

Ondina,

Gaisuwa. Yau babu ba'a.

Abokin aikina Bienvenido, malamin tarihi, kalandar kantin magani ya rataye a tasa ƙusar. Ranar Talata da tsakar rana wata mota marar lamba ta ɗauke shi a ƙofar makaranta, alli na hannunsa. Matarsa ta zaga bariki uku da kwanon abinci, ko'ina sai a ce ba su san da shi ba.

Washegari Nicanor ya dawo. Ya zauna kusa da hoton bai taɓa shi ba. Mireya ta kawo kofi, kofin yana ta kaɗawa a kan faranti.

"'Yar malam, hannunki na rawa. Haka za ki yi wa mutane allura a can?"

Sai ya dube ni ya ce, "Malam, kai ka koya mana cewa ba a barin gurbi a takardar jarrabawa."

Na karanta tarihin azzaluman duniya kaf, babu littafin da ya gaya mini mutum na iya jin tsoron yaron da ya taɓa ja wa kunne.

Ki ci gaba da addu'ar.
Eleuterio

Moca, 20 ga Mayu

Ƙanwata,

Gaisuwa a gurguje. Shugaba ya sake cin zaɓe. Mireya za ta sauka ranar Asabar, ki je taryarta da rigar sanyi. Har yau babu labarin Bienvenido.

Na rataye hoton. Ƙusar ko motsi ba ta yi ba. Da na shiga neman igiya a akwatin Mama, sai ga allon Janar a ƙasa, naɗe cikin tawul, an goge shi tas. Ni na ajiye shi, Ondina, tun wancan lokacin, ko za a sake tambaya.

Kada ki gaya wa Mireya.

Yayanki