Makulli a Cikin Safa

Asabar, 4 Nuwamba, 1978
Tun da yayana Efrain ya yi aure ya koma Chicago, gidan nan ya ƙara faɗi. Hawa na biyar, tsohuwar masaƙar riguna tun kafin yaƙi. In na yi tari, sai bangon can ya amsa mini. Gado na jawo kusa da bututun zafi, sauran filin na bar wa tantabarun taga.

Litinin, 6 Nuwamba
Babu ƙararrawa a ƙofar ƙasa. Baƙo daga titi yake kira, ka sa makulli a safa ka jefa masa. Safar Efrain tana rataye a ƙusa. Ba wanda ya kira.

Juma'a, 10 Nuwamba
Wani tsoho mai doguwar kwat ya tsaya a tsallaken titi yana kallon tagata. Efrain ya sha faɗi: "Wili, hukumar New York ba ta yarda a kwana a masaƙa ba. Muryar da ba ka sani ba, kada ka jefa mata. In ma'aikacinsu ya hau, a titi za ka kwana." Na sauke labule.

Juma'a, 17 Nuwamba
Ya dawo. Ya ɗaga kai: "Kai ɗan sama! Na ga ƙafarka a ƙasan labule!" Na ja da baya. Amma na lura, ba ƙofa yake dubawa ba, taga ta uku yake kallo. Kuma hannun kwat ɗinsa an yi masa faci, ɗinki mai kyau.

Alhamis, 23 Nuwamba
Ranar bikin godiya na Amurkawa. Ƙamshin talotalo ta ko'ina. Wake na gwangwani na ci a tsaye.

Juma'a, 24 Nuwamba
Tsohon ya dawo, na jefa masa makullin. Safar ta faɗa kwata. "Da wannan hannun kake cin abinci?" in ji shi. Ya hau da ƙyar, yana hutawa a kowane hawa. Sunansa Lipkin. Bai tambayi takarda ba. Ya wuce taga ta uku, ya durƙusa, ya shafa ramukan ƙusa huɗu a katako. "Nan keken ɗinkina yake. Nan na Rivka, matata. Shekara guda ina aron almakashinta, nawa na aljihu." Na ce ina take. Ya ce ta rasu bara. Na dafa shayi. Ya ce ruwan wanki ya fi shi, ya shanye, ya nemi ƙari.

Lahadi, 26 Nuwamba
Na janye gado daga wajen ramukan. Don shara ne kawai.

Juma'a, 1 Disamba
Ya zo da allura, ya ɗinke ɓular safar. "Ɗana, wannan ba safa ba ce, raga ce." Na ce, Baba, kai ka sani.

Juma'a, 8 Disamba
Sanyi, amma na ɗan ɗaga tagar. Iska nake so, ba wani abu ba. Kofi biyu na wanke.