Taku Arba'in Daga Mangwaro

Anacha, 3 ga Maris, 1975

Zuwa ga ɗana Zailani a Inugu, da ɗan ƙanena Awwalu a Fatakwal. Bayan gaisuwa mai yawa.

Shekara biyar ke nan da dawowata bayan yaƙi, ina tambaya guda ba a ba ni amsa ba: ina kabarin Baiwa, uwar Zailani? Tsohuwar maƙabartarmu ta zama tashar tankokin mai. Da Sallah na tambaye ku, sai kuka ci tuwona kuna gardamar Allah da Turanci, kamar ba ni a ɗakin. Ban yi boko ba, amma ban kurumce ba. Ƙafata ta fara kumbura. Ina so in tsaya a kan kabarin Baiwa in yi mata addu'a kafin a ɗauke ni.

Ni ne Indabawa, ta hannun mai rubutu a kasuwar Ochanja.

*

Fatakwal, 17 ga Maris

Baba, Allah ya ƙara lafiya.

Zailani yana musun wani Allah ne mai zama kamar sarki yana zaɓen wanda zai tsira. Wannan ni ma ban san shi ba. Allahn da na sani rahama ne, ba ya bukatar alamar kabari. Ka yi addu'arka daga rumfarka, za ta isa.

Ɗanka, Awwalu.

*

Asata, Inugu, 25 ga Maris

Baba, ina gaisuwa.

Ba zan yi maka ƙarya ba. Tun ranar da muka gudu muka bar kabarinta, zuciyata ta daina samun kowa a sama, ko sarki ko rahamar Awwalu. Amma ni na bi makararta ina ƙirga ƙafata don kada in yi kuka. Taku arba'in ne daga mangwaron bakin ƙofar maƙabarta, gabas. Ban taɓa faɗa ba, don ban iya komawa wurin ba. Ka gafarce ni.

Zailani.

*

Anacha, 2 ga Afrilu

Ku biyun, ina gaishe ku.

Kututturen mangwaron yana nan. Jiya na taka arba'in, na tsinci kaina cikin kwata, direbobi suna dariya. Kai Zailani, shekararka goma sha biyu a lokacin, takunka ba nawa ba ne. Ka zo ƙafarka ta tuna mana wurin, ba ruwana da abin da ke zuciyarka. Kai kuma Awwalu, ka zo da rahamar taka ka ɗaga hannu, tunda shi ba zai ɗaga ba.

Ranar Juma'a zan zauna a kan kututturen nan tun hantsi. Waye zai zo? Wannan karon ku amsa mini da Hausa.

Ubanku, Indabawa.