Layi Uku Daga Babura

Litinin, 4 ga Agusta, 2025
Kwana tara da rasuwar abokin aikina Musaddiƙ a hatsarin babur. Yau na koma ofis, kujerarsa tana nan gefen saba, babbar kwamfutar ofis. Matarsa Shatu ta sake tambayata, "Yaya Ikilima, me ya taso shi daga Babura zuwa Kazaure cikin ruwan nan?" Na ce ban sani ba. Na san dai na kira shi ranar, na yi masa faɗa saba ta tsaya. Ya ce zai gyara daga can ta waya.

Laraba, 6 ga Agusta
Rajistar saba ce kawai za ta nuna ko ya shiga daga can. In ya shiga ya gyara, to ba ni na ɗora shi a babur ba. Amma bainari ce, na'ura kaɗai ke karanta ta, kuma ɗauke wutar ranar ya lalata fayil ɗin. Ni na dage a koma bainari, wai ya fi saurin bincike. Shi kuwa kullum, "Yaya, a bar abin da ido zai karanta ko na'ura ta mutu."

Alhamis, 7 ga Agusta
Ƙarfe takwas na safe allo ya rubuta, "Salamu alaikum, komai lafiya." Shi ya saita haka. Kullum sai gabana ya faɗi.

Asabar, 9 ga Agusta
Ashe bai ji maganata ba, mai taurin kai. Ya ɓoye kwafi na rubutu zalla. Ban buɗe ba.

Talata, 12 ga Agusta
Na buɗe. Layi uku daga wayarsa, ƙarfe biyu da minti shida, da bakwai, da tara: kalmar sirri ba daidai ba. Ni na canza ta ana gobe abin zai faru, na manta ban faɗa masa ba. Ya kira sau biyu, ina fushi ban ɗaga ba.
Rubutu zalla yana goguwa. Layi uku ne kawai, ba wanda zai sani. Na daɗe yatsana yana kan maɓalli, tsoro nake ji.

Juma'a, 15 ga Agusta
Ban goge ba. Na buga a takarda, tana cikin jakata, wai don kada ta ɓace. Motar Babura, inda Shatu take, ƙarfe uku take tashi.
Da safe allon ya yi sallama, na ji bakina ya amsa.