Tudun Bayan Gonar Hipolit

Warsaw, 3 ga Afrilu, 1978

Baba abin ƙaunata,

Ina gaishe ka da kyau, ina sumbatar hannunka. Ya ƙafar taka da wannan sanyi? Ni lafiya lau, ƙanwarka Goggo Genowefa ma lafiya, sai dai mitar da ta saba.

Baba, albishirinka! Ka san wata biyar ke nan ina aikin gwaji a ofishin binciken ƙasa. To an ba ni taswirata ta farko: in nemo inda yashi da tsakuwa suke a yankinmu, saboda sabuwar hanyar da za a yi. Ƙarshen Mayu zan miƙa. In ta yi kyau a tabbatar da ni, in ba ta yi ba in kama gabana.

Da hotunan da jirgin sama ya ɗauka nake aiki. An koya mana cewa shekaru dubbai da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta rufe ƙasar nan, koguna sun riƙa gudu a ƙarƙashinta. Da ta narke sai suka bar dogayen tuddai masu lanƙwasa kamar maciji, cikinsu zallar tsakuwa. Jiya ina duba hoto sai ga irin tudun nan, sak na cikin littafi. Na duba sunan wurin, ƙauyenmu Olszanka! A bayan gonarka yake, kan iyakarka da su Zdancewicz. Har ihu na yi a ofis.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Jolanta

*

Olszanka, 10 ga Afrilu

Yabo ya tabbata ga Ubangiji Yesu.

Jola 'yata, ina gaishe ki, ina gaida Genowefa. Ƙafa tana nan inda kika bar ta.

Na karanta wa Zdancewicz wasiƙarki a bakin shinge. Mutumin da ya shekara goma bai nuna mini haƙoransa ba, sai da ya riƙe ciki don dariya.

'Yata, ƙanƙarar da ta tara tudun nan na san ta. Tana da gashin baki, tana shan lofe, sunanta Walenty, kakana ne. Duk shekara sanyi yana turo duwatsu daga cikin gona, duk Afrilu gida ya fita gaba ɗaya ya tsince su a zuba a kan iyaka, in ba haka ba garma ta karye. Tun zamanin Walenty ake zubawa, mu ta nan, su Zdancewicz ta can, ƙasa da ƙaya suka rufe. Lanƙwasar da ta burge ki kuwa, kowace ɗaya rigima ce. In kakana ya tura duwatsunsa cikin gonarsu, baɗi su rama.

Ban ga laifinki ba. Kina shekara shida uwarki ta rasu Genowefa ta tafi da ke birni, kuma ba ki zuwa sai Kirsimeti, lokacin da dusar ƙanƙara ta rufe komai.

Allah ya tsare ki.
Ubanki, Hipolit

*

Warsaw, 17 ga Afrilu

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Haba Baba! Tsawon tudun nan mita ɗari takwas ne, na auna sau uku. Mutane da kwando ne za su tara wannan? Na yarda kun zuba 'yan duwatsunku a kai, amma gindinsa aikin ƙanƙara ne. Shugaban sashenmu ya leƙa hoton ya ce madalla, na ma riga na zana shi da tawada. Farkon Yuni motar haƙa za ta zo ta tabbatar.

Kuma don Allah ka daina karanta wa maƙwabta wasiƙuna. Shekara biyar na yi a jami'a, ba wasa na je yi ba.

Taka, Jolanta

*

Olszanka, 23 ga Afrilu

Yabo ya tabbata ga Ubangiji Yesu.

Jola, ina gaishe ki. Taurin kan nan na uwarki ne, ban ba ki shi ba.

Shekara biyar kika yi, amma ba ki taɓa ƙasar da hannu ba. In motar nan ta zo ta tono takalmin doki da fasasshiyar tukunyar kakarki a gaban manyanki, aikinki ya tafi. Na daina dariya yanzu, tsoro nake ji miki. Ki zo ranar Asabar, muna tsintar duwatsu. Akwai shebur. Kada ki zo da takalmin birni.

Ubanki, Hipolit

*

Olszanka, 2 ga Mayu

Goggo tawa,

Ina gaishe ki, da fatan kina shan maganinki. Zauna tukuna kafin ki karanta.

Na sauka daga bas da taswirata a hannu, ina hura hanci. Na tarar da Baba da tsoho Zdancewicz sun jingina da shinge kamar masu jiran wasan kwaikwayo. Baba ya miƙo mini shebur ya ce, “Bismillah, Malama injiniya, tona duk inda ranki yake so.”

Na tona. Duwatsu ne manya da ƙanana a hargitse, babu yashi ko cokali ɗaya. Na ce gindi nake nema. A gindin na samo takalmin doki. Zdancewicz ya karɓa ya jujjuya ya ce, “Na godiyar kakana ne wannan. Hipolit, ashe ku kuka sace!” Na koma wani wuri na samo guntun garma. A rami na uku, wallahi Goggo, tukunya ce. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina.

Sai Baba ya ja hannuna zuwa ƙarshen tudun, ya ɗaga wani faffaɗan dutse. A ƙarƙashi akwai ɗan bokitin gwangwani, duk tsatsa, amma jan fentinsa bai gama tafiya ba, cike da 'yan duwatsu kamar ƙwai. Ya ce, “Naki ne. Afrilun ƙarshe na uwarki, kina bin ta a baya kina tsinta. Da aka tafi da ke na kasa ganinsa a gida, na kawo shi nan. To kin ga, har da ke a cikin ƙanƙarar.” Na zauna a ƙasa na yi kuka sosai, kuma ba taswirar nake yi wa ba.

Zdancewicz ne ya kasa jurewa. Ya ce, “Ke yarinya, in tsakuwa kike nema me ya hana ki tambaya? Tashi mu je.” Ya kai ni cikin dajin itatuwan da ke bayan gidansa, inda hoto bai nuna komai ba sai ganye. Akwai wani dogon tudu a ciki. Ya ce ubansa ya shuka hatsi a kai ya ƙone tun Yuni, ya haƙa rijiya sau uku tana ruftawa, shi ya sa aka bar wa daji. Na tona. Goggo, tsakuwa ce mulmulalliya wankakkiya, da yashi shimfiɗa bisa shimfiɗa! Kwana biyu ina bin sa ina tona ramuka, ya fi kilomita. Tsohon sai murna yake, wai a zo a kwashe, bai taɓa cin komai a wurin ba.

Da yamma Baba ya yi mana curin dankali mai nama a ciki, na ci huɗu. Jibi zan dawo in kankare tawadar, in gaya wa shugabana gaskiya da bakina. Ki yi mini addu'a.

'Yarki, Jola

*

Olszanka, 9 ga Yuni

Yabo ya tabbata ga Ubangiji Yesu.

Jola 'yata, na ji an tabbatar da ke. Motar ta zo, ta sami abin da kika ce a dajin Zdancewicz, daidai inda kika ce. Wannan wasiƙar ma na karanta wa Zdancewicz, ki yi haƙuri, sau biyu.

Bokitin na wanke shi na yi masa sabon mariƙi, yana rataye a bayan ƙofa. Afrilu mai zuwa duwatsu za su sake fitowa. Ki zo da safar hannu.

Ubanki, Hipolit