Wai Mu Ja Numfashi

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Inna, ya yara? Lafiyata lau, kada ki biye wa masu cewa na faɗi a wurin aiki. Jiri ne kawai da bugun zuciya.

Maimakon a rage mana tsayuwar awa goma a gaban injin wanki, sai manaja ya ɗauko mana wata mai ba da shawara, mai shegen murmushi. Wai in fargaba ta taso, mu ja numfashi, mu lissafa abubuwa biyar da muke gani. Na ce, "Baiwar Allah, ai abin da nake ganin ne ke firgita ni." Ta ce wai na fara samun sauƙi!

Jiya dai na gwada a banɗaki, sai ga bugun zuciyar ya lafa. Haushi kamar in mutu.

Ki ce wa Inna ta sa ni a addu'a.

Autarku