Aron Tuƙa

Litinin, 13 ga Oktoba
Joiana ta ɓalle ƙofar rumbu, ta ci garin masara har ta gaji. Saniya ɗaya tal gare ni, ita ma babu hankali. Ga ta can tsaye kai a ƙasa, ko kallon ciyawa ba ta yi.

Talata, 14 ga Oktoba
Ta daina tuƙa. Na kara kunne a cikinta ta hagu, yadda marigayi maigidana Gavril yake yi. Da, tumbin nan kamar tukunyar wake a kan wuta. Yau tsit.
'Yata Lenuta ta kira daga Italiya. "Mama, in ta mutu ba ki da sauran hujja. Na gyara miki ɗaki." Ɗaki can ƙololuwar bene, ko kaza babu. Na ce to. Na gaji da musu.

Laraba, 15 ga Oktoba
Likitan dabbobi ya ɗura mata ruwan soda. Ya ce masarar ta yi tsami a ciki, ta kashe ƙananan halittun da ke narka mata ciyawa. Sai an ciro tuƙa da ɗuminta daga bakin lafiyayyar saniya an ba ta, kamar yadda ake zuba tsohon nono a madara ta kama. Haka iyayenmu suke yi, na sani. Amma shanu biyu suka rage a ƙauyen nan, ɗayar kuwa ta Saveta ce, ƙanwar Gavril. Tun rigimar bishiyar tuffar da ke kan shingenmu, ko a coci ba ma gaisawa.
Ba za ni ba.

Alhamis, 16 ga Oktoba
Joiana ta kwanta. Bayana ciwo, ko wuta ban hura ba.

Juma'a, 17 ga Oktoba
Na je.
"Matar yaya, ɓatan hanya kika yi?" in ji Saveta. Amma kwano na nan a wanke bakin garke, da alama ya kwana biyu yana jira. Muka tsaya har saniyarta ta turo curin ciyawa baki, ta cusa hannu ta fizgo, ta sha cizo a yatsa. Muka dama da ruwan ɗumi, wari kamar me, muka ruga gidana.
"Riƙe ƙahon mana! Tsufa ya cinye hannun ne?"
"Ji wadda saniya ta ciza."
Ta ce don dabbar ta yi, ba don ni ba. Na ce ai na sani.

Lahadi, 19 ga Oktoba
Joiana ta miƙe. Da safe na ga abu ya hau maƙogwaronta, sai baki ya soma juyawa a hankali. Na zauna kan bokiti na yi kuka sosai. Na ce wa Lenuta ta mai da ɗakin nan ma'ajiyar kaya, ba inda za ni.
Likita ya ce wanda aka ba ta ya isa haka. Ban faɗa wa Saveta ba. Gobe ma za ta zo da kwanonta, ni kuma na kwaɓa fulawa, na fere tuffa. Ta gefen Saveta na bishiyar na tsinko.