Garba Ya Fasa Rumbun Iri

Zuwa ga ƙanwata Hajara,

Gaisuwa mai yawa. Ya zaman Lokoja? Ya maigidanki da yara, ya ciwon ƙafar nan? Mu nan Gazara lafiya, sai tsadar mulkin soja.

Kin san ɗanki Garba, da na riƙa tun yaye, ya zama babban ɗan sanda a Ikara. Har rago na yanka. To, ran Laraba ya zo da kuratan 'yan sanda cike da mota, wai an ce a fasa rumbunan masu ɓoye hatsi. Ya shigo zaure da takalmi, bai durƙusa ba. Ya ce, "Malam, aiki ne." Malam fa, Hajara, ba Kawu ba!

Kuratan ba su ga komai ba. Shi da kansa ya kai su bayan gida, wurin ƙaramin rumbun iri, wanda nake ɗaga shi yana yaro ya shiga ya miƙo min dawa. Suka kwashe tas.

Damina ta matso, ba ni da abin shukawa. Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa. In ya zo gaishe ki, ki tambaye shi dawar wane rumbu ya ci ya girma.

Yayanki,
Ilu